Ƴan Kamu Biyu Sun Dasa Rake

Sati uku na kwashe ina zana taswirar ƙasar wasan, a bayan takardar buhun siminti huɗu da na liƙe da ƙaro. Koguna na yi su da shuɗin bik, wato biro, duwatsu da baƙi, can sama na bar fili fari fat na rubuta hamada, bayan hamadar kuma na zana birni mai ƙofa tara. Duk wanda ya san ni ya san ba na yin abu rabi da rabi. Ko ɗalibaina a lakwal, makarantar da nake koyarwa, in layi ya karkace a kayen yaro, littafin rubutunsa, sai ya sake shafin.

Wasan a Damagaram na koyo shi, lokacin da nake makarantar horon malamai. Wata ƴar ajinmu ce ta zo da takardunsa na fotokofi da Faransanci, muka riƙa yi ranar Lahadi. Ba shi da wuya. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ne ƙasa, shi ne ruwan sama, shi ne duk dodon da za a gamu da shi a hanya. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi. In abin mai wuya ne, kamar tsallake rafi ko artabu da kura, sai a jefa ɗan lido. Ya ba da babbar lamba an ci, ya ba da ƙarama an sha ƙasa. Tabarma kawai ake bukata, da baki, da ɗan lidon.

A cikin takardun akwai wasu ƙananan mutane, rabin tsawon mutum, da suka shiga raina tun ranar farko. Na ɗauke su na gyara su yadda nake so, na raɗa musu Ƴan Kamu Biyu, don in aka auna babbansu da hannu iyakar tsawonsa ke nan. Matafiya ne, ba su da gari. Jaki ya yi musu tsawo, saboda haka akuya suke ɗaura wa sirdi, bunsuru ya ɗauki kaya. Fatar tunkiya biyu ta ishe su tanti, majajjawa ce makaminsu. Dokarsu ɗaya ce, na rubuta ta da jan bik na ja mata layi biyu: wata ba ya tsayawa sau biyu ya same su a zango ɗaya.

Da babban hutu ya zo na dawo gida Matameye da taswirata a naɗe, damina ta kankama. Na samu ƴan wasa biyu ba wahala. Ɗaya matar wana ce, tela, wadda har yau Amarya muke ce mata duk da ƴaƴanta huɗu. Ɗayar maƙwabciyarmu ce mai ƙosai, wadda ko ganga ta ji daga nesa sai ta leƙa. Inna ta ga ɗan lido ta ɗaure fuska, sai da na rantse mata ko dala ba a sawa, sannan ta ce mu yi ta yi, manyan banza.

Yayata kuma tana ɗaki. Wata huɗu ke nan da dawowarta daga Aljeriya, inda ta tafi neman abin rufin asiri bayan rasuwar mijinta, kamar yadda matan yankinmu da dama ke tafiya. Mace ce da in tana tsakar gida ba a jin rediyo. Ta dawo ba ta magana sai gaisuwa, ba ta taka ƙofar gida, ko suna ko ta'aziyya. Inna ta ce a ƙyale ta. Ni ban iya ƙyale abu ba, na yi tambaya har na gaji, na yi lallashi, na yi fushi, duk amsar ɗaya ce: lafiya lau.

Ranar farko, bayan la'asar, muka shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. Amarya ta ɗauki ƴar kasuwar ayari, mai ƙosai ta ɗauki jarumar majajjawa. Ina cikin kwatanta musu yadda ake hawan akuya, mai ƙosai ta tashi tana gwadawa a kan turmi, muka yi ta dariya har da hawaye. Sai na ji labule ya motsa. Yaya ta fito ta zauna a bakin tabarma, ƙafafunta a ƙasa. Murna ta kama ni, amma na yi kamar ban gani ba. Akwai saura takarda ɗaya a hannuna, ta uwar ayari.

"Wannan mi take yi?" in ji Yaya.

"Ita ke cewa a tashi, ita ke cewa a sauka."

"Ba ni ita."

Na miƙa mata. Daga wannan lokacin abu ɗaya nake tsoro, kada ta koma ɗakin nan.

Tafiyar farko ta yi daɗi. Na turo musu kura, wadda a wajensu ta kai girman rumbu. Mai ƙosai ta miƙe tsaye, ta kaɗa ɗankwalinta sama kamar majajjawa, ta jefa ɗan lido ya ba da shida, dutse ya sami kura a hanci. Amarya ta rangaɗa guɗa har kajin Inna suka watse. Daga nan ayari ya gangara zangon farko, wata fadama da na zana a ƙasan taswira don kawai su sha ruwa su wuce.

Yaya ta duƙa tana kallon wurin. "Ƙasar wace iri ce?"

Ban shirya wannan ba. Na ce baƙa ce, mai laushi.

"Ruwan fa, yana da nisa?"

Ina son su ji daɗin ƙasata, sai na ce ko da hannu aka tona za a same shi.

"Akwai rake a guzurinmu?"

Na ce ta jefa. Biyar ya fito. Ta dubi Amarya, Amarya ta dubi mai ƙosai, na ga wani abu ya wuce tsakaninsu wanda ban so ba.

"A sauke kaya," in ji Yaya. "A yanka raken nan gaɓa-gaɓa, kada wanda ya sha. Dasawa za mu yi."

Kuskurena ne. Na manta da wa nake wasa. Ƴan ajinmu na Damagaram in ka nuna musu fadama sai su tambayi ina dodo yake. Matan Matameye kuwa, cikin damina, ka ba su baƙar ƙasa da ruwa kusa, ka ce su sha su wuce? Kafin a kira magariba sun raba fadamar kashi uku, sun yi rigimar iyaka sun shirya, sun tara kashin awaki wuri guda don taki. Aka jefa ɗan lido don a ga ko dashen ya kama, ya sake ba da shida.

Na ɗaga takardar na nuna musu jan bik. "Matafiya ne fa. Ga doka a rubuce."

"Madam," in ji Yaya, haka take ce mini in za ta tsokane ni, "wa ya rubuta dokar?"

"Ni."

"To ke ba ki cikin ayari. Ni ce uwar ayari, na ce an sauka."

Wata huɗu ban ji ta ce mini Madam ba. Na ajiye takardar, amma raina bai so ba.

Kwana biyar muka yi a jere, kullum bayan la'asar, kuma duk noma aka yi. Taswira mai faɗin tabarma, ko taƙi ɗaya ba su ci a cikinta ba. Birnina mai ƙofa tara yana can sama ba mai ko tambayarsa. Sai na shiga yi musu dabara. Na turo fara, na ce ta rufe rana, kowace ɗaya a wajensu ta kai kaza. Na zaci za su ɗaure kaya. Mai ƙosai ta zaro ido ta ce, "Fara mai girman kaza? A kawo buhuna." Suka kama, suka soya da yaji, Amarya ta buɗe kasuwa a bakin fadamar har da ranar cinta. Na turo ambaliya, Yaya ta riga ta sa an ja kunya an buɗe wa ruwa hanya, don ta ce tun jiya ta ga alamar hadari a fuskata. Na fito da dodon tafki, wanda na yi kwana biyu ina shirya shi, mai haƙora kamar galma. Amarya ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi iyalinsa, ta miƙa masa rake. Na ce ta jefa, ina addu'ar ɗaya ya fito. Shida ya fito. Dodon nan nawa shi ya ƙare da yi musu huɗa.

Ranar har Inna sai da ta ajiye tsintsiya ta zauna kan kujera ƴar tsugunne tana tambaya ko dodon yana cin tuwo. Yaya kuwa tana tsakiyar tabarma yanzu, ta naɗe ƙafafu, tana ba da umarni da yatsa. Duk mai hankali da ya ga haka ya bar su su yi ta nomansu har hutu ya ƙare. Ni ban yi hankalin ba, taswirata ce ke ci mini rai.

Rana ta shida na zauna na gyara murya na ce, "Kun wayi gari rijiyoyi sun ƙafe, kanwa ta taso ta cinye fadamar, raken duk ya bushe. Dole ku tashi."

Ɗan lido yana nan kan tabarma inda aka bar shi jiya.

"Ba ki jefa ba," in ji Yaya.

"Ni ke riƙe da labari. Ba kullum nake jefawa ba."

"Mu duk abin da muka samu sai da muka jefa. Ke kin kashe mana gona da baki." Ta ajiye takardar uwar ayari a hankali, ta sa takalmanta, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Kwana biyu ba ta fito ba. Amarya ta daina yi mini magana sai ta dole, mai ƙosai ta aiko wa kowa ƙosai ban da ni. Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Kin ji daɗi, takardarki ta huta." Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro. Da hannuna na fito da ita, da hannuna na mayar.

Rana ta uku da hantsi na tsaya bakin ƙofarta na yi sallama. Tana zaune bakin gado tana tsifar kai. Na ce, "Yaya, na yi zalunci. A mayar da raken, ban faɗi komai ba."

Ta gama tsefe kitso ɗaya. Can ta ce in kawo taswirar. Na shimfiɗa mata a ƙasa, ta bi ta da ido daga fadama har sama, ta ɗora yatsa a kan farin filin.

"Kin taɓa ganin wannan?"

"A'a."

"Na lura. Kin zana shi kamar tsakar gida da aka share." Ta ci gaba da tsifarta. "Abin da ya bushe ya bushe, ba a mayar da magana. Zan tashe su. Amma shirin hanya nawa ne, kada ki sa mini baki."

Yammacin nan ban taɓa ganin wasa irinsa ba, ko a Damagaram. Yaya ta karɓi ayarin ta juya shi yadda take so. Ta sa aka ɗinka salka bakwai manya, Amarya ta jefa don ɗinkin ya yi kyau. Ta hana a ɗauki gishiri da ƙuli-ƙuli, ta ce ƙishirwa suke jawowa, a cika jaka da dabino da albasa. Ta ce tafiya da sanyin safiya da sanyin yamma, rana in ta take a kafa fata a kwanta ba magana, don magana ma ruwa take sha. Ta sa aka ɗaure kowace akuya da ta gabanta da igiya ɗaya. A kowane zango kowa ya kira wanda ke bayansa, sai ya amsa sannan a sauke kaya. Ita kuma uwar ayari ta koma can ƙarshe. Na ce ai gaba take tafiya, haka na rubuta. Ta ce na gaba hanya yake gani, na baya shi ke ganin mutane. Bik ɗina yana gudu a kan takarda, ina rubuta duk abin da ta faɗa, don Ƴan Kamu Biyu nata sun fi nawa nesa ba kusa ba.

Muka shiga hamada. Ta gyara mini kalar yashi, ta gyara mini yadda iska ke kuka, ta ce da safe sanyi ne ke fasa leɓe, ba zafi ba. Muka tsere wa wata kunama mai girman jaki, muka samu rijiya muka tarar ta rufta. Mai ƙosai har ta manta ta jiƙa waken gobe. A kwana na huɗu na labarin na jefa ɗan lido a gaban kowa, ya ba da guguwa, na ce kowa ya jefa don ya riƙe igiya. Amarya ta samu huɗu. Yaya ta samu shida. Mai ƙosai ta hura wa ɗan lidon iska, ta jefa, ya yi ta juyi ya tsaya a ɗaya.

Na faɗi abin da ya faru, don aikina ne. Igiya ta tsinke, guguwa ta rufe ido, da ta lafa aka isa zango Amarya ta kira jarumar majajjawa ba amsa. Saura salka uku, rijiya ta gaba kuma tafiyar kwana ɗaya ce. Duk yinin da aka yi ana nema salka ɗaya zai ci, kuma sai an samu biyar ko shida za a gan ta.

Mai ƙosai ta yi dariya ta karkaɗe zani. "Ku tafi abinku. Madam ta zana mini wata, dama ina son mai ganga."

"Gaskiya ne, ruwan ba zai kai mu ba," in ji Amarya.

"A juya ayari," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, in salkunan suka ƙare duk ayarin ne zai halaka."

"Na ji. A juya."

Ta jefa, biyu. Na soke salka ɗaya a takarda. Ta sake jefawa, huɗu. Na ga yadda take numfashi, sai na ce da sauri, "Huɗu ma ya isa, ai kun ga sawunta."

"Biyar kika ce." Ba ta ko dube ni ba. "Soke salkar."

Na soke. Saura ɗaya. Ta riƙe ɗan lidon a tafin hannu ba ta jefa ba, ta fara magana da muryar da ba ta wasa ba.

"A dawowa daga Aljeriya, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, akwai wata ƴar wajen Dawce kusa da ni. Tun can muke tare, bido ɗaya na ruwa muke sha. Mun zauna a kan kaya ƙafafunmu a waje. Da hantsi motar ta daki wani tudu, na waiga ba ta nan. Na hango ta ta tashi tsaye tana ɗaga hannu. Na buga ƙarfen motar har hannuna ya fashe, duk muka yi ta ihu. Direban bai juya ba."

Inna tana tsaye da ludayi a hannu, ban san lokacin da ta zo ba. Yaya ta buɗe hannu ta sake ɗan lidon a tsakiyar farin filin. Ya gangara ya bugi gwiwar Amarya ya tsaya. Biyar.

Amarya ta fasa guɗa tana kuka a lokaci guda. Ni kuwa da na saba da surutun labari, da ƙyar na iya cewa sun hango akuya a bayan wani tudun yashi, da mutum zaune a inuwarta. Yaya ta juya wajen mai ƙosai.

"Da muka iso, mi kike yi?"

Mai ƙosai ta share fuska da bakin zani. "Ina zaune ina cin dabino. Na san za ku dawo."

Yaya ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kukan da ba ta yi ba wata huɗu. Muka bar ta ta yi, har aka kira magariba.

Washegari da safe ina shara ta fito da mayafi da takalmin fita, riƙe da wani ɗan ƙullin atamfa da ban taɓa gani ba. Ta ce kayan matar ne, da ƴan kunnenta da katin waya, ta san sunan ƙauyen da sunan uwarta, kuma har yanzu mutanen gidan suna zaton tana can tana aiki. Ta ce in nemo mana baburan kabu-kabu biyu zuwa Dawce, in kuma zo da bakina, don ba ta san ta inda za ta fara ba. Na jingine tsintsiyar na shiga ɗauko mayafina. Kafin in fito ta riga ni zuwa ƙofar gida, tana tsaye a waje tana amsa gaisuwar masu wucewa gona.